An dawo mini da babi na ɗaya sau biyu: farfajiyar bincike da muhimmancinsa

Ɗalibi daga ƙasar Auyo ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da yayyena da ke wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani abu da ya hana ni sakat tun farkon wannan zangon karatu. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina karanta fannin tattalin arzikin noma, kuma gidanmu yana wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Auyo, inda mahaifina da yayyena suke noman shinkafa da alkama da rani. Da aka ce kowa ya kawo batun da zai rubuta kundinsa a kai, sai na zaɓi abin da na tashi a cikinsa, na sa wa aikin suna "Matsalolin da ke Addabar Noman Rani a Jihar Jigawa".

Malamin da ke duba aikina ya amince da batun da baki, amma sau biyu ke nan yana dawo mini da babi na ɗaya, kuma duk jan biron a wuri biyu yake taruwa, wato farfajiyar bincike da muhimmancin bincike. A ƙarƙashin farfajiya na rubuta cewa aikin zai shafi manoman rani na jihar baki ɗaya, sai ya ja layi ya tambaye ni ko ƙananan hukumomi 27 zan zagaya, kuma cikin wata nawa. A ƙarƙashin muhimmanci na rubuta cewa aikin zai amfani gwamnati da manoma da ɗalibai da masu bincike na gaba, sai ya rubuta a gefe cewa wannan jimla za ta zauna daram a kowane kundi, ko da a kan kiwon kaji aka yi shi. Ban yi masa musu ba, domin na san daga wani tsohon kundi na ɗauko salon.

Abin da nake so in fahimta da farko shi ne bambancin da ke tsakanin farfajiyar bincike da cikas ɗin bincike, domin a kundayen da na duba wasu sun haɗe su a ƙarƙashin kanu guda, wasu kuma ba su rubuta komai ba face ƙarancin kuɗi da ƙarancin lokaci. Sannan ina tsoron kada in taƙaita aikin zuwa ƙauyuka biyu ko uku a raina shi ranar kare kundi, a ce ɗan ƙaramin abu na yi alhali abokaina suna rubutu a kan jiha guda ko ma Najeriya gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan yi mini nauyi a zuciya. Tun ranar da na gaya wa Baba cewa a kan noman rani zan yi rubutu, ya sanar da abokan majalisarsa, yanzu kuma duk wanda na haɗu da shi a hanyar fadama sai ya ce in tabbata na sa sunansa, domin sun ɗauka takardar za ta isa Dutse a kawo musu taki da injin ban ruwa. Ban san yadda zan rubuta muhimmancin aikin da gaskiya ba, ban kuma san abin da zan gaya wa waɗannan dattawa ba tare da na karya musu gwiwa ko na yi musu ƙarya ba. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon malamin kwaleji, daga ƙasar Ringim, ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, malaminka gata ya yi maka, domin gara a dawo maka da babi na ɗaya sau biyar da a bar ka ka kai babi na biyar sannan ka gane cewa abin da ka yi alkawari a farko ba shi ne a hannunka ba. Na shafe shekaru ina duba kundayen ɗalibai kafin in ajiye aiki, kuma mafi yawan waɗanda suka sha wahala ranar kare kundi tun daga waɗannan sassa biyu matsalarsu ta faro.

Tunda ɗan manomi ne kai, da gona zan yi maka misali. Farfajiya ita ce iyakar da ka shata da hannunka kafin ka sa garma, ka ce daga wannan kuka zuwa wancan kwari zan nome bana, sauran na bar shi da gangan. Cikas kuwa shi ne abin da ya same ka a cikin iyakar ba da son ranka ba, kamar ruwa ya kwanta a gefe guda ko jan-baki su sauka a kan shinkafar. Ta farko zaɓinka ce, kuma dole ka iya kare dalilin zaɓin. Na biyun kuma ba za ka san shi sosai ba sai ka je ka dawo, shi ya sa nake ce wa ɗalibaina su koma su gyara wannan sashe bayan sun gama tattara bayanai. Rubuta "ƙarancin kuɗi da lokaci" kawai ba ya gaya wa mai karatu komai, domin babu ɗalibin da kuɗi da lokaci suka ishe shi. Abin da ake nema shi ne ka faɗi abin da ƙarancin ya jawo wa sakamakon, misali cewa kaka ɗaya kawai ka gani da idonka, saboda haka alƙaluman shekarun baya daga abin da manoma suka iya tunawa ka samo su.

Yanzu dubi sunan aikinka kalma bayan kalma. Jigawa, tun da aka cire ta daga Jihar Kano a 1991, ba ƙasa iri ɗaya ba ce. Fadamun da ke bin Kogin Haɗeja ta Ringim da Miga da Auyo har zuwa Kirikasamma da Guri daban suke da jigawar Maigatari da Ɓaɓura, daban kuma da ƙasar duwatsu ta Kazaure ko Birnin Kudu. Noman rani ya haɗa da shinkafa da alkama da tumatir da albasa da attaruhu da kankana, kowanne da lokacinsa da yawan ruwan da yake sha da kasuwarsa. Kalmar "matsaloli" kuwa rumbu ce: kachalar da ke toshe hanyoyin ruwa tana ciki, tsadar taki tana ciki, haka tsuntsaye da ambaliya da rikicin burtali da faɗuwar farashi lokacin kaka. Kowace guda daga cikinsu ta isa kundi. Wanda ya ce zai ɗauke su duka a shafi sittin, abin da zai samu shi ne jerin sunayen matsalolin da kowane manomi ya riga ya sani tun kafin a haifi ɗalibin.

Ko a cikin Auyo kanta manoman rani ba kashi ɗaya ba ne, kai ma ka sani. Akwai waɗanda gonakinsu ke cikin shirin noman rani na kwarin Haɗeja, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ruwan da ake saki daga madatsun Tiga da Challawa yana iso musu ta magudanan da aka gina. Akwai kuma waɗanda ke wajen shirin, su ne suke jan ruwa da inji daga kogi ko daga ƙananan rijiyoyin fadama. Idan tambayarka a kan kuɗin ban ruwa ce, haɗa waɗannan kashi biyu a lissafi ɗaya zai ba ka matsakaicin da bai dace da ko ɗayansu ba. Da ni ne kai, da na ɗauki masu inji kaɗai, masu shinkafa kaɗai, na tambayi abu ɗaya: yaya kuɗin ban ruwa da faɗin gonar da suke nomawa suka sauya tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Wannan shawara ce kawai, zaɓi naka ne da malaminka, amma ka lura cewa a jimla ɗaya an faɗi wuri da mutane da lokaci da abin da za a auna. Farfajiya mai kyau waɗannan huɗun take amsawa, sannan ta ƙara da abin da aka bari a waje da dalilin barinsa.

Game da tsoron a raina aikin, mu yi lissafi. Ɗalibanmu suna yawan amfani da ƙa'idar Taro Yamane wajen fitar da adadin mutanen da za a tambaya. A ce ƙungiyoyin manoman ƙauyuka uku sun ba ka sunaye 300, ƙa'idar za ta ba ka mutum 171 idan ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100. Idan kana iya zama da manomi shida a rana, kuma wannan ma sai ka dage, domin mafi yawansu da baki za ka karanta musu tambayoyin ka rubuta amsa, to kana buƙatar kwana 29 cur a fadama. Wannan na ƙauyuka uku ne kawai. Wanda ya ce maka ya zagaye jiha guda a hutun zango ɗaya, ko dai gari biyu ya je ya laƙaba wa aikin sunan jiha, ko kuma a ɗaki ya cike takardun da hannunsa, kuma masu jarrabawa suna gane duka biyun. Ka sani kuma ƙa'idar ba ta da amfani sai akwai cikakken jerin sunaye kuma ta hanyar ƙuri'a aka zaɓo mutanen, ba waɗanda aka tarar a gindin bishiya ba. Mai jarrabawa ba faɗin taswira yake ba wa maki ba. Yana duba ne ko suna da manufa da bayanan da aka tattaro da abin da aka yanke a ƙarshe duk sun tafi a layi ɗaya.

Muhimmanci kuwa, ka bar kalmar "gwamnati" haka tsirararta. Ka nemi mutum ko ofis guda da ke da wata shawara da zai yanke, ka faɗi shawarar, ka faɗi abin da ya rasa na bayani a yanzu wanda aikinka zai ba shi. Idan ba ka samu ko ɗaya ba, to batun ne ke da gyara, ba jimlar ba. Maganar mahaifinka zan bar wa waɗanda suka fi ni zama da manoma.

Malamin gona, Kafin Hausa, ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya yi bayani mai gamsarwa. Ni ba malamin jami'a ba ne, aikina shiga gonaki ne, kuma ɗalibai da yawa na raka wurin manoma da takardun tambayoyinsu, saboda haka ta wannan ɓangaren zan sa baki.

Ƙanena, kafin ka rubuta farfajiyarka ka dubi kalandar gona, ba ta makaranta kaɗai ba. Alkama ana shuka ta ne a cikin sanyi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, a girbe ta wajen Maris ko Afrilu, shinkafar rani kuma tana kaiwa har gab da faɗuwar damina. Idan hutunka ya faɗo a watan Agusta, babu inji ko ɗaya da za ka gani yana aiki, wasu hanyoyin fadama ma ba za su biyu ba, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022. A lokacin duk abin da za ka samu zance ne na abin da ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka san watan da za ka shiga tun yanzu, ka rubuta shi a cikin farfajiyar.

Sai batun awo, wanda nan ne na ga kundaye da dama sun lalace ba tare da masu su sun sani ba. Manominmu ba ya ajiye littafin lissafi. Idan ka tambaye shi lita nawa ya sha a kaka, zai ba ka amsa don kada ya kunyata ka, amma da jarka ko galan yake saye, sau da yawa a wurin 'yan bumburutu, a farashin da ya ɗara na gidan mai. Gara ka tambaye shi sau nawa yake ban ruwa a mako, jarka nawa yake ƙonawa a kowane ban ruwa, mako nawa daga dashe zuwa yanka, kai ka yi lissafin da kanka. Haka faɗin gona: wani zai ce maka eka, wani kadada, wani kuma da yawan irin da ya zuba yake aunawa, alhali kadada ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Buhun shanshera ma ba nauyi ɗaya ba ne daga gari zuwa gari. Ka auna gonaki kaɗan da wayarka, ka ɗora buhu kaɗan a sikeli, sauran kuma ka faɗa a fili cewa ƙiyasin manomi ne. Wannan shi ne cikas na gaskiya da ya cancanci shiga kundi.

Maganar Baba da abokansa ita ce ta sa na yi wannan rubutu. Ina roƙonka kada ka bar wannan fahimta ta kwana. Akwai ƙauyukan da yanzu idan na kai baƙo mai takarda sai a watse a bar mu, saboda an sha rubuta sunayensu ana cewa taimako na zuwa, shiru. Wanda ya bar manomi da irin wannan zato ya toshe wa duk ɗalibin da zai zo bayansa hanya. Ban da haka ma, zaton yana gurɓata amsa: mai jiran tallafi zai rage yawan abin da ya girbe ya ƙara yawan asararsa, wanda kuma yake tsoron haraji zai rage faɗin gonarsa. Ka je wurin dagaci da mai unguwa da takardar gabatarwa daga makarantarku, ka roƙi a tara mutanen, ka gaya musu a gaban Baba cewa wannan aikin makaranta ne, babu taki ko inji a bayansa, ba za ka sa sunan kowa a ciki ba, kuma wanda ba ya so ya amsa babu laifi. Sannan ka yi musu alkawarin abin da ke hannunka kaɗai, wato idan ka gama za ka dawo ka karanta musu sakamakon da Hausa. A yankinmu wasu sun mayar da injinsu mai amfani da gas, wasu sun sayi na hasken rana, da yawa kuma suna ta shawarar ko su bi sahu, amma kowa da ji-ta-ji-ta yake yanke hukunci. Idan ka zo musu da lissafin abin da maƙwabtansu suka kashe a kowace kadada ta kowace hanya, ka ba su abin da za su yi aiki da shi kafin su sayar da sa su sayi inji. Ni a wurina muhimmancin aikinka ke nan, kuma ni ma zan so kwafi.

Malama daga ƙasar Kura ta amsa:

Assalamu alaikum. Ina gaida Malam da Malamin gona. Ni malamar sakandare ce a wani ƙauye kusa da Kura, kuma ban daɗe da kammala digiri na biyu ba, don haka abin da ɗan'uwanmu yake ciki bai yi mini nisa ba.

Kundina na digirin farko a kan mata masu turara shinkafa na yi shi. A ƙauyuka uku na tattara bayanai, dukkansu a yankin da ruwan Tiga yake ciyarwa, inda shanshera ba ta yankewa rani da damina. A farfajiya na faɗi haka daidai, amma da na zo babi na biyar sai na riƙa rubuta "matan karkarar Jihar Kano" a kusan kowane sakin layi. Ranar kare kundi mai jarrabawa na waje ya tambaye ni ko abin da na gano ya shafi matar da ke Kunci ko Tsanyawa, inda ruwan Tiga ba ya kaiwa, kuma ban da amsa. Sai da na sake rubuta babin gaba ɗaya. Saboda haka, ɗan'uwa, shata iyaka a babi na ɗaya rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ka tsaya a cikinta har shafin ƙarshe, musamman a wurin ba da shawarwari, inda hannu yake saurin zarcewa.

Akwai wani cikas da ɗalibai maza ba su cika ambata ba. Kai namiji ne, gidaje da yawa ba za ka shiga ba. A ƙauyukanmu akwai mata masu gonaki, na gado ko na haya, waɗanda miji ko ɗa ko ɗan ƙwadago ke yi musu aikin, amma kuɗin mai daga hannunsu yake fita. Sunayensu ba kasafai suke shiga rajistar ƙungiyar manoma ba, ke nan jerin da za ka yi ƙuri'a a kansa ya riga ya zubar da su tun kafin ka fara. Ko dai ka nemi 'yar'uwarka ko abokiyar karatu ta shiga ta tambaye su, ko kuma ka rubuta ƙarara cewa aikin ya tsaya a kan maza masu rajista, kada ka kira su "manoman Auyo" kamar su ke nan.

Da izinin Malam, ina da ɗan ƙari a kan muhimmanci. Gaskiya ne a nemi wanda zai yanke shawara da sakamakon, amma a ganina ba wannan kaɗai ne amfanin aikin ɗalibi ba. Mafi yawan kundayenmu a kan kanta suke ƙarewa, kuma bai kamata mu riya cewa wani kwamishina zai buɗe su ba. Duk da haka, ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, kuma alƙaluman da ake fitarwa a kan noma yawanci na jiha ne ko na ƙasa, da wuya ka samu na ƙauye guda. Ɗalibin da ya rubuta da gaskiya abin da ban ruwan kadada ɗaya ya ci a ƙauye kaza a shekara kaza ya ajiye shaidar da babu ita a wani wuri, wanda zai zo bayan shekara goma zai samu abin kwatantawa. Sai dai kafin ka ce ba a taɓa yin aikin ba, ka leƙa ɗakunan karatu na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Bayero, domin an yi rubuce-rubuce da yawa a kan kwarin Haɗeja. Abin da za ka iya cewa shi ne ayyukan da ka samu sun tsaya a wuri kaza ko shekara kaza, naka kuma daga nan ya ɗora. Akwai kuma amfanin da ba a rubutawa a kundi amma shi ne ya fi tabbata, wato kai kanka za ka fita ka iya tsara tambaya, ka auna abu, ka bambance abin da ka gani da abin da kake zato.

Ɗalibi daga ƙasar Auyo ya sake rubutawa:

Malamaina, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara ilimi mai amfani. Na yi kwana uku ina juya maganganunku, na kuma je gida ranar Juma'a. Na yi wa Baba bayani kamar yadda Malamin gona ya ce. Ya yi shiru na ɗan lokaci, na ga abin bai yi masa daɗi ba, amma daga baya shi da kansa ya raka ni wurin mai unguwa, kuma shi ya fara gaya wa mutane cewa babu rabon komai a cikin aikin. Mutum biyu sun ce in haka ne a cire su, sauran sun ce in zo. Wani daga cikin yayyena ma ya ce dama yana ta tunanin sayen injin hasken rana, yana son ya ga lissafin.

Ga yadda na sake rubuta farfajiyar, na fassara muku ita daga Turanci:

"Wannan bincike ya taƙaita ne ga tasirin cire tallafin man fetur a kan kuɗin ban ruwa da faɗin gonar da ake nomawa, a tsakanin manoman shinkafar rani masu amfani da inji a ƙauyuka uku na Ƙaramar Hukumar Auyo. Zai kwatanta kakar ranin da ta gabaci watan Mayun 2023 da kakar bana. Bai haɗa da manoman da ke shan ruwan magudanan hukuma ba, domin ba su dogara da fetur wajen ban ruwa ba, haka kuma bai shafi alkama da kayan lambu ba, saboda yawan ruwan da suke buƙata ya bambanta da na shinkafa. Za a zaɓo mutanen ne ta hanyar ƙuri'a daga rajistar ƙungiyoyin manoman ƙauyukan."

Muhimmancin kuma na rubuta shi kamar haka:

"Manoman waɗannan ƙauyuka suna shawarar ko su ci gaba da injin fetur ko su koma na gas ko na hasken rana, ba tare da wani rubutaccen lissafi na yankinsu ba. Binciken zai samar da ƙiyasin kuɗin ban ruwan kadada ɗaya ta kowace hanya, wanda ƙungiyoyinsu da malaman gona na JARDA, wato hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Jigawa, da ke aiki a yankin za su iya amfani da shi wajen ba da shawara. Zai kuma ajiye bayanan wannan lokaci don masu son kwatantawa nan gaba."

Maganar mata masu gonaki, ƙanwata da ke karatu a kwalejin ilimi ta yarda ta taimaka, amma tunda ba sa cikin rajista ban san yadda zan haɗa su da lissafin ba. Don Allah a duba mini kafin in kai wa malamina ranar Litinin.

Tsohon malamin kwaleji ya sake amsawa:

Madalla, ɗana, yanzu akwai aiki a gabanka. Na kuma karɓi ƙarin da Malama ta yi mini, ta faɗi gaskiya. Gyara uku nake da su.

Kalmar "tasiri" ta yi nauyi. A watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin, an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, taki da maganin feshi da kayan gyaran inji duk suka tashi tare da mai. Idan manomi ya rage gonarsa, ba za ka iya rantsewa cewa fetur kaɗai ya sa shi ba. Ka ce za ka duba sauyin da aka samu a tsakanin kakar biyu, ka tambayi manoman dalilansu, ka kuma ambaci wannan cakuɗuwa a cikin cikas. Sannan farfajiyarka ta yi maganar masu inji kawai, muhimmancin kuma ya yi alkawarin kwatanta fetur da gas da hasken rana. Ka ƙirga masu gas da masu hasken rana nawa ne a rajistar tukuna. Idan ba su wuce biyar ko shida ba, ba za su ɗauki lissafin kwatance ba, sai dai ka yi hira da su ka kawo bayaninsu a matsayin misali, ka kuma rage alkawarin daidai da haka. Matan da ƙanwarka za ta gana da su ma haka za ka yi da su, a sashe na daban, kada ka zuba su cikin adadin da ƙuri'a ta fitar.

Na ukun shi ne ƙauyenku. Idan yana cikin ukun, ka faɗa a kundin cewa kai ɗan garin ne, kuma idan ƙuri'a ta faɗa kan mahaifinka ko yayyenka, ka ba wani abokin karatunka ya yi musu tambayoyin. Ka sa shekarar kakar bana da lamba maimakon kalmar "bana", ka kuma gwada takardar tambayoyin a kan manoma goma na wani ƙauye da ba ya cikin ukun kafin ka kashe kuɗin buga sauran.